Ɗakin Karatu a Danchadi: Wa Zai Biya, Kuma Wa Za a Tambaya?

Duk wanda ya taɓa kwana a garuruwan kudancin Sakkwato, Danchadi ko Bodinga ko Shagari, a lokacin da jarrabawar fita sakandare ta ƙarato, ya san abin da zan faɗa. Bayan isha'i, da gari ya fara lafawa, sai ka ga samari uku ko huɗu sun shimfiɗa tabarma a gindin fitilar sola ta ƙofar masallaci. Littafi ɗaya ne tsakaninsu, na tsofaffin tambayoyin jarrabawa, bangonsa ya tafi tun a hannun yayan wani, an ɗinke bayansa da zare. Ɗaya na karanta tambaya, sauran na gardama a kan amsa, suna korar ƙwarin da haske ya tara. Da hadari ya taso, karatun daren ya ƙare ke nan. 'Yan mata kuwa ba ka ganinsu a wurin. Nasu karatun a tsakar gida yake, da tocilan waya, bayan an gama wanke-wanke, in caji bai mutu ba.

Abin da yaran nan suke bukata bai taka kara ya karya ba. Ɗaki mai rufin da ba ya yoyo, benci da tebur, fitila, fanka, littattafan da suka dace da manhajar bana, da mutum ɗaya mai riƙe da makulli wanda ake biyansa a ƙarshen wata. Amma ko bulo ɗaya sai da kuɗi, kuma a nan ne maganar take tsayawa duk lokacin da aka ɗauko ta. Kowa ya yarda ɗakin karatu abu ne mai kyau. Da an zo kan wa zai biya, sai a ce sai gwamnati, a tashi taro.

Yadda wasu suke yi

A Amurka akwai wata hanya da suka daɗe suna bi. Idan gunduma tana son gina ɗakunan karatu ko gyara tsofaffi, ba ta jiran gwamnatin tarayya. Hukumar gundumar takan rubuta tambaya ta sa a takardar zaɓe, a ƙasan sunayen 'yan takara: kun yarda mu ranci kuɗi kaza, mu yi aiki kaza da kaza, a biya cikin shekara kaza ta hanyar ƙara muku harajin gidaje? Idan masu ƙuri'a suka ce e, sai gunduma ta sayar da takardun lamuni ga masu zuba jari, ta karɓi kuɗin a dunƙule ta yi ginin, sannan kowace shekara a riƙa cirar wani abu daga harajin gidaje da filaye ana biyan masu takardun har bashi ya ƙare. Idan suka ce a'a, magana ta mutu sai wani zaɓen.

A watan Nuwamba na 2020, ranar da duniya ta zuba ido kan karawar Trump da Biden, mutanen gundumar Multnomah a jihar Oregon, inda birnin Portland yake, sun amsa irin wannan tambaya. Kusan kashi 60 cikin ɗari suka yarda a ranci dala miliyan 387 don gina babban ɗakin karatu a gabashin gundumar da faɗaɗa wasu rassa. An gaya musu tun kafin zaɓe abin da zai hau kan kowa: kimanin santi 61 a kan kowace dala dubu ta ƙimar gidan mutum. Wato mai gidan da aka yi wa ƙimar dala dubu 200 ya san zai riƙa ƙara kusan dala 122 a shekara. Da wannan lissafi a kansa ya kaɗa ƙuri'arsa. An kuma rubuta a cikin sharuɗɗan cewa za a kafa kwamitin sa ido na mutanen gari, a riƙa binciken asusu kowace shekara, kuma kuɗin na gini da kayan aiki ne kaɗai. Albashin ma'aikata da kuɗin wuta daga wani harajin dabam suke fitowa, wanda mutanen gundumar suka amince da shi tun a 2012.

Birnin Seattle ya yi haka a 1998 da dala miliyan 196.4, San Francisco ma a 2000 da dala miliyan 105.9. Kuma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2006 an nemi mutanen jihar Kalifoniya su yarda da rancen dala miliyan 600 don ɗakunan karatu, suka ƙi, aka haƙura.

Wannan ƙin da suka yi shi ya fi jan hankalina a duk labarin. Mutumin da ake iya tambaya ya ce a'a, ran da ya ce e, ginin ya zama nasa. Zai lura idan rufi ya fara tsatsa. Zai tambayi dalilin rufe ƙofa da ƙarfe biyu na rana.

Ƙasar da littafi ba baƙo ba ne

Kada wani ya ɗauka ana son koya wa mutanen wannan yanki darajar littafi ne. A cikin ƙaramar hukumar Bodinga, wadda Danchadi take ciki, garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna wajen shekara biyar bayan yaƙe-yaƙen jihadi sun lafa, yana karantarwa yana wallafa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga kanta kafin ya koma Gwandu. Tsakanin Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u an bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, a zamanin da takarda sai ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce har yau sukan ɗaga takarda su duba ta a hasken rana, su ga alamar jinjirin wata uku ta masana'antun Italiya. Tawada a gida ake dafa ta, alƙalami a feƙe shi daga kara, almajiri ya zauna wata da watanni yana kwafe littafi guda, a naɗe shi a tadarishi, a sa a gafaka.

Wani Bature matafiyi mai suna Clapperton, da ya dawo Sakkwato karo na biyu a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello tsarabar littattafai na Larabci, cikinsu har da littafin lissafi na Uƙlidis. Ya rubuta cewa Bello ya shaida masa gidansu sun taɓa mallakar wannan littafi, wani ɗan uwa ya zo da shi daga Makka, gobara ta cinye shi. Ina yawan tuna wannan labari. Sarki ne mai daula, ga yaƙi ga mulki, amma yana riƙe da ciwon littafi ɗaya da wuta ta ci.

Wannan gado bai yanke ba. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara rubuce-rubucen magabata masu ɗimbin yawa, kuma sunansa ne hukumar adana tarihi da al'adu ta jiha take ɗauke da shi. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sunan Abdullahi Fodiyo yake amsawa. A ƙauyuka ma, zauren kowane babban malami ƙaramin ɗakin karatu ne, ɗalibai na aron Iziyya da Risala da Ishiriniya suna mayarwa. Sai dai duk waɗannan na wani ne, ko na malami, ko na gida, ko na jami'a. Ɗakin da ɗan manomi da 'yar mai ƙosai za su shiga ba tare da sun san kowa ba, su zauna su karanta ilimin halittu ko tarihin Kabi ko littafin kiwon kaji, shi ne bai samu gindin zama ba.

An taɓa gwadawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu Turawa sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa don mutane su samu labarin yaƙi, En'e ta ci gaba da riƙe su daga baitulmali. A nan ake ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, mai iya boko ya karanta da ƙarfi sauran su saurara. A 1952 aka kafa hukumar ɗakunan karatu ta Jihar Arewa a Kaduna, tana aika akwatunan littattafai zuwa larduna, ga kuma Yaƙi da Jahilci yana yaye manya masu neman abin karantawa. Kuɗin baitulmalin En'e kuwa daga haraji da jangali yake fitowa, wato daga aljihun talaka. Amma ba wanda ya tambayi talakan. Dogari ne ke zuwa, wanda bai biya ba ya sha rana ko ya bar gari. Shi ya sa da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, murna aka yi, kuma murnar tana da hujja. Abin da ya biyo baya shi ne ƙananan hukumomi suka koma zaman jiran kason Legas, daga baya na Abuja, igiyar da ta haɗa aljihun mutumin gari da ginin da ke garinsa ta tsinke.

Abin da doka ta bari, da abin da ba ta tanada ba

A yau ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, 23 a Jihar Sakkwato, kuma gaba ɗayansu kashi 20.6 cikin ɗari suke samu daga asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya. Ko da ya tabbata sarai, albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya ne zai fara lashe mafi yawa.

Ɗakin karatu na jama'a maraya ne a tsarin kuɗin ilimi. Hukumar UBEC tana da kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya tun dokar 2004, amma na firamare da ƙaramar sakandare ne. TETFund ta manyan makarantu ce. Ɗakin karatun gari yana ƙarƙashin hukumar ɗakunan karatu ta jiha, wadda a yawancin jihohi abin da take samu da ƙyar yake wuce albashi. Ko uwar ɗakunan ma ba ta tsira ba: an ba da kwangilar gina hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja tun 2006, aka kwashe kusan shekara ashirin ginin yana tsaye ba a gama ba.

Rance ta takardun lamuni ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tsohuwar Jihar Bendel ta fara a 1978 da naira miliyan 20. Ƙaramar hukumar Tsibirin Legas ta sayar da takardun naira miliyan 100 a 1992 don gina kasuwar Sura. Dokar kasuwar hannun jari ta yarda jiha ko ƙaramar hukuma ta yi haka idan ta cika sharuɗɗa. Amma kasuwa tana da rumfunan haya da za su biya bashin, ɗakin karatu kuwa ba ya kawo ko kwabo. Harajin gidaje, wanda tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓa, a karkara kusan babu shi, don gidajen ba su da rajista balle ƙima. Sannan tsarin mulkin 1999 ya san ƙuri'ar raba gardama ne a wajen ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma, ko yi wa ɗan majalisa kiranye. Bai ce a tambayi jama'a kafin a ci bashi da sunansu ba. Ana ciwo musu bashin dai, su ji a rediyo.

Akwai kuma maganar da duk mutumin Sakkwato zai fara yi kafin a kai ga lissafi: kuɗin ruwa. Takardar lamuni irin ta Amurka riba ce a fili, kuma ba malamin da zai hau mumbari a Danchadi ya ce a dangwala mata. Wannan ƙofa tana da makulli. A 2013 Jihar Osun, a zamanin Rauf Aregbesola, ta tara naira biliyan 11.4 ta hanyar sukuk don gina makarantu. A wannan tsari masu zuba kuɗi su ne suke mallakar ginin, gwamnati tana biyansu haya har wa'adi ya cika ginin ya dawo hannunta. Gwamnatin tarayya ta bi sahu a 2017 da naira biliyan 100 don hanyoyi, kuma matafiya sun saba ganin allunan sukuk a bakin titi. Sai dai Osun ɗin nan ita ce kuma gargaɗi. Basussukan da suka taru a kanta sun sa ana zaftare kasonta tun daga Abuja, har ta kai ma'aikata suna karɓar rabin albashi. Ƙaramar hukuma guda kamar Bodinga ba ta da ƙarfin shiga wannan kasuwa ita kaɗai, kuɗin lauyoyi da dillalai ma ya ishe ta. In za a yi, sai dai jiha ta haɗa ƙananan hukumomin a sukuk guda, a rubuta sunan kowane gari da abin da za a gina masa, a karanta a rediyo da Hausa.

Abin da Lardin Sakkwato ya taɓa yi

Misalin da ya fi kusa da Danchadi ba a Oregon yake ba, yana nan maƙwabta. Bayan juyin mulkin 1966 ya rushe jamhuriya ta farko, Alhaji Shehu Shagari, wanda tsohon malamin makaranta ne kafin ya zama minista, ya dawo gida. A 1967 ya zama sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato. Lardin yana baya ƙwarai a ilimin boko, ga yaƙin basasa ya taso, ba wanda zai jira Legas. Aka bi gari-gari ana neman gudummawa daga sarakuna da attajirai da ma'aikata da manoma, aka gina makarantu da abin da aka tara. Mutumin da ya riƙe wannan littafin asusu shi ne daga baya ya zama kwamishinan kuɗi na tarayya, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1979.

Ba a kafa akwatin zaɓe ba a wancan aiki, amma ma'anar guda ce: an faɗi abin da za a yi, an nemi yardar mutane, sun sa hannu a aljihu suna sane. Shekaru da yawa bayan haka, da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, an riƙa cirar wani kaso daga albashin ma'aikata da masu muƙamai, aka damƙa kula da kuɗin ga kwamitin da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yake shugabanta. Dalilin sa Sarki a gaba a bayyane yake. Mutane sun fi sakin kuɗi idan sun amince da hannun da zai riƙe.

A ƙauye ma ba a rasa wannan ba. Masallacin Juma'a nawa aka gina da buhun gero da kuɗin albasa da gudummawar 'yan gari mazauna Legas da Fatakwal? Aji nawa ƙungiyar iyaye da malamai ta rufe da kwano? Gayya da adashi da gidauniya duk hanyoyi ne na tara ƙaramin ƙarfi ya zama babba. Abin da ya rage mana shi ne rubutu da ƙa'ida. A gidauniya attajiri yakan yi alkawarin miliyan a gaban lasifika, maroƙi ya wasa shi, a watse, rabin alkawarin ba ya zuwa, kuma ba mai ƙarfin halin zuwa ƙofarsa ya tambaya.

Bayan an yanke kyalle

Na taɓa shiga wani ɗakin karatu na ƙaramar hukuma a Arewa, ba zan faɗi garin ba. Ginin mai kyau ne, an sa dutsen tunawa da ranar buɗewa a jikin bango. Sai da aka aika yaro ya nemo mai makulli a kasuwa. Da ƙofa ta buɗe, warin jemage ne ya fara tarbarmu. Silin ya rufto a kusurwa guda, ruwan damina ya bi ta kan kanta, littattafan da ke wurin sun kumbura sun manne da juna kamar an dafa su. Na zaro ɗaya, gara ta ci cikinsa ta bar bango. Kwamfutoci suna jere a lulluɓe da leda, ba a taɓa kunna su ba don ba a ja wuta ba. Mai makullin, dattijo mai kirki, ya ce mini, "Malam, ko tsintsiya da kuɗina nake saye." Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don na san a garin akwai yara masu karatu a gindin fitila.

Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka wanda kuɗinsa ya gina ɗakunan karatu 2,509 a duniya tsakanin 1883 da 1929, ya hango wannan. Ba ya ba gari kuɗin gini sai garin ya kawo fili, ya kuma ɗaure kansa da cewa kowace shekara zai kashe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin wajen tafiyar da shi. Garuruwa da yawa sai da suka kaɗa ƙuri'a kafin su karɓi kyautar, wasu suka ƙi ta. Gidauniyarsa ce ta ba da tallafin da aka buɗe ɗakin karatu na Legas da shi a 1932.

Mu muna da abin da ya girmi Carnegie, wato waƙafi. Manyan ɗakunan karatu na duniyar Musulmi, daga Fas zuwa Alƙahira, da shi suka rayu: mai hali ya tsayar da gona ko shago, abin da ya fito a sayi takarda, a biya mai kula. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi tsayayya, mai wakilai a gundumomi. Shago biyar a kasuwa, ko fadamar albasa guda da aka tsayar da sunan ɗakin karatu, za su iya riƙe albashin mai kula da canjin batirin sola da sabbin littattafai duk shekara, ko shugaban ƙaramar hukuma ya so ko bai so ba. A ganina, duk garin da bai tanadi wannan ba, gara ya dakata da haƙa harsashi.

Idan mutanen Danchadi suka so, ba sai an gyara tsarin mulki ba. Hakimi da dagatai da limamai da shugabannin makarantu da ƙungiyar 'yan gari suna iya kiran taro bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da aljihu yake da ɗan nauyi. A kawo magini ya faɗi kuɗin ɗaki biyu da baranda da sola, a rubuta a allo kowa ya gani. A faɗi abin da zai hau kan kowane gida, kwano nawa na gero ko naira nawa, shekara nawa, da abin da za a nema wurin ƙaramar hukuma da jiha a matsayin nasu kason. A yafe wa gwauruwa da marayu da wanda gonarsa ba ta yi ba. Sannan a ƙirga hannu unguwa-unguwa, a aika mata masu karantarwa, irin jajis ɗin Nana Asma'u, su shiga gidaje su ƙirgo na matan aure, tunda 'ya'yansu ne za su zauna a bencin. In masu ƙi suka fi yawa, a bari sai baɗi. In masu so suka rinjaya, a liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar masallacin Juma'a duk wata uku, a kuma rubuta tun ranar farko waɗanne ranaku da waɗanne sa'o'i ne na 'yan mata, da sunan macen da za ta riƙe makulli a ranakun.